Yara suna cikin rajista amma ba sa cikin aji: me ofishin Sakataren Ilimi zai iya yi?

"Assalamu alaikum. Ni hedimasta ne a wata makarantar firamare ta ƙauye. A rajista muna da yara sun haura 400, amma ko ranar da muka yi sa'a ba ma ganin fiye da 250. Ranar kasuwa da lokacin girbi kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Na sha kai kuka ofishin Sakataren Ilimi, sai a ce in je in ƙara wayar da kan iyaye. Shin wane taimako ne ya kamata hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ba mu a kan fashin yara, kuma ta yaya zan nema har a saurare ni?"

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Tambayarka biyu ce a haɗe: me ke hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda ake kira LGEA, da kuma yadda za ka gabatar da buƙata ta yadda ba za a sallame ka da baki ba. Amsar da aka ba ka, wato ka je ka wayar da kan iyaye, ita ce ofis ke bayarwa duk lokacin da aka kawo masa kuka babu sunaye, babu ranaku, babu dalili. "Yara ba sa zuwa" bai nuna teburin wane jami'i takardar za ta je ba. Amma in ka ce yaran aji huɗu mata 18 daga unguwa kaza ba sa zuwa kowace Laraba saboda talla a kasuwa, ka riga ka nuna wanda zai tashi daga kujerarsa.

Shigar da yaro makaranta daban, zuwansa kullum daban, kuma yawancin ƙoƙarin gwamnati a kan na farkon yake ƙarewa. A farkon shekarar karatu ana gangamin sa yara makaranta, a rubuta sunaye, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ta ɗauki adadin, a sanar da ƙarin da aka samu. Wanda zai koma a watan Nuwamba ya ƙirga nawa ne ke zaune a aji shi ne babu. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa kashi 61 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 6 zuwa 11 ke zuwa firamare a kai a kai, a Arewa kuma adadin kashi 53 ne. Don haka abin da kake gani ba na makarantarka ba ne ita kaɗai.

Abin da ke hannun hukumar da abin da ba ya hannunta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shimfiɗa hawa uku: UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, a Abuja, SUBEB, takwararta ta jiha, a kowace jiha, sai LGEA a ƙaramar hukuma ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Kuɗin gine-gine daga sama suke zuwa. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigarta ga UBEC, jiha kuma sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta karɓi kuɗin ayyuka, sannan kwangilar a SUBEB ake bayar da ita. Ke nan in ka je wurin Sakataren Ilimi kana neman ya gina maka ajujuwa biyu, iyakar abin da zai iya shi ne ya sa sunan makarantarka cikin jerin da zai tura jiha. Kuɗin gudanarwar da ke shigowa ofishinsa, a ƙananan hukumomi da yawa, da ƙyar yake isar man babura.

Abin da yake da shi ba kuɗi ba ne. Yana da iko a kan rabon malamai a cikin ƙaramar hukumar, ko da yake a yawancin jihohi sai da amincewar SUBEB a kan manyan ma'aikata. Yana da jami'an sa ido da tallafa wa makarantu, waɗanda aka raba wa kowannensu rukunin makarantu. Yana da sashen wayar da kan jama'a, wanda shi ne ke kafa kwamitocin makarantu da horar da su. Yana da teburin ƙididdiga, kuma ta hannunsa littattafai da alli da rajista ke fitowa. Sama da duka, takardarsa tana shiga wurin shugaban ƙaramar hukuma da hakimi kai tsaye, abin da takardar hedimasta ba ta yi. Duk buƙatar da za ka kai, ka tabbata ta faɗa cikin ɗayan waɗannan.

Mutane kan tambayi batun hukunta iyaye. Dokar ta 2004 ta tanadi haka: karon farko a tsawata wa uba, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, bayan nan tarar naira 5,000 ko wata biyu ko duka biyun. Jihohi kuma suna da nasu dokokin. A aikace ba kasafai ake kai kowa kotu ba, ni kuma ban ga hikimar hedimasta ya fara da wannan barazanar ba, domin a garin zai ci gaba da zama, kuma uban da aka kunyata a gaban jama'a ya fi saurin tura yaron wani gari a kan ya kawo shi aji. Sashen dokar da ya fi amfani shi ne wanda ya haramta karɓar kuɗi daga ɗalibi, da tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Kuɗin jarrabawa, kuɗin alli, kuɗin kati, kuɗin tsintsiya: kowannensu kaɗan ne, amma magidanci mai yara biyar a makaranta in aka koro su sau biyu a kan naira ɗari biyu-biyu, karo na uku ba zai sake turo su ba. Kafin ka kai ƙarar kowa, duba ko akwai malamin da ke korar yara a kan irin wannan.

Fara da rajista

Rajistar kiran suna ita ce hujjarka, kuma a makarantu da yawa ita ce ta fi komai lalacewa. Ƙa'ida ita ce a kira suna sau biyu a rana, da safe da kuma bayan an dawo daga tara, shi ya sa kowace rana take da gurbin alama biyu, mako guda ya zama goma. Abin da ake yi kuwa, malami ya bari sai Juma'a ya zauna ya cike makon gaba ɗaya da ka, ko ya miƙa wa monita, ko ya yi alamar safe da ta rana a lokaci guda. Da haka yaron da ya tafi gida cin ɗumame da tara bai dawo ba yana nan a rubuce ya yi cikakkiyar rana. Wasu shugabannin makarantu ma da gangan suke barin sunayen yaran da suka yi ƙaura ko aka aurar, don tsoron kada a rage musu malamai ko kaya in adadin ya sauka. Wannan yana cutar da su daga baya, domin duk jami'in da ya zo ya ƙirga kawuna ya ga bambancin, ba zai sake yarda da wata ƙididdiga daga makarantar ba.

Don haka aikin farko shi ne tace rajistar. Ka zauna da malaman aji da mutum biyu daga kwamitin makaranta waɗanda suka san gidajen garin, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. A ware waɗanda suka bar garin ko suka rasu, a ware waɗanda aka rubuta sau biyu da suna daban, a ware waɗanda tun da aka rubuta su ba su taɓa zuwa ba. Abin da ya rage shi ne ainihin yaranka. Ba mamaki ka tarar 400 ɗin nan ta koma ƙasa sosai, kuma matsalar ba ta kai girman da kake zato ba.

Daga nan sai a yi mako huɗu ana kiran suna da gaskiya, kai da kanka kana zagayawa bayan tara kana ƙirga yara ka gwada da abin da malami ya rubuta. Lissafin ba wuya: a ninka yawan yaran aji da yawan lokutan da aka buɗe makaranta, a raba jimillar alamun zuwa da wannan adadin, a ninka da 100. Misali, aji mai yara 60 a mako mai lokuta 10 yana da gurbi 600. In alamun zuwa 390 ne, zuwan ajin kashi 65 ne cikin 100. Sai dai kada ka tsaya a kan wannan adadin, domin yana ɓoye abu biyu masu magani daban. Kashi 65 na iya nufin kowane yaro yana fashin kwana ɗaya ko biyu a mako, ko kuma yara 39 suna zuwa kullum, 21 ba sa zuwa sam. Na farko matsalar gari ce, a kalanda da tsarin lokaci ake nemanta. Na biyu matsalar gidaje ce, sai an bi su ƙofa ƙofa.

Lissafi ɗaya yana da kyau a riƙa faɗa wa iyaye, domin yana shiga kunne. Yaron da ke fashin ranar kasuwa kawai, kwana ɗaya cikin biyar, a shekara shida ta firamare ya yi asarar fiye da shekarar karatu guda. Uba yana ganin kwana ɗaya ne, sai an jera masa haka yake gane dalilin da ɗansa ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba.

Kowane salon fashi da inda ake kai shi

In ka jera alkaluman bisa rana, bisa aji, bisa maza da mata, bisa unguwa, dalilan za su fito da kansu.

Fashin da ke faɗowa rana guda a mako, na kasuwa ne. Hana shi gaba ɗaya ba ya yiwuwa a garin da tallar ranar ce cefanen mako. Abin da ya fi aiki shi ne sulhu: a fara karatu da wuri ranar, a sa Turanci da Lissafi da Hausa a darussan farko, a tashi kafin kasuwa ta cika, iyaye kuma su yi alkawarin ba za a ɗora wa yarinya faranti ba sai ta dawo. Hedimasta ba shi da ikon sauya lokacin tashi da kansa, kuma in ya yi ba izini shi za a tuhuma. Wannan buƙata ce da za ka rubuta wa Sakataren Ilimi ka nemi amincewa a rubuce, da sa hannun shugaban kwamiti da na dagaci a ƙasan takardarka.

Fashin damina da kaka ya fi wuya, domin kalandar karatu daga ma'aikatar ilimi ta jiha take fitowa, LGEA ba ta iya matsar da zango. Shuka da noman farko suna cin ƙarshen zango na uku, girbin gero da dawa da roron wake da cirar gyaɗa suna cin tsakiyar zango na farko. Nan ma sassaucin lokaci ne mafita, tare da shirin cike gurbi: a san yaran da suka tafi gona da sunayensu, in sun dawo a ware musu rabin awa kullum na mako biyu ko uku a maimaita abin da ya wuce su. In ba a yi haka ba, yaron yana dawowa ya tarar an yi masa nisa, malami ya yi masa tambaya ya kasa, a yi dariya, gobe ba zai zo ba. Fashi mai yawa da ake ɗora wa iyaye asalinsa kunyar yaron ce. A tuna kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yake tsananta, don haka ba duk wanda ba a gani ba ne yake gona.

In yara suna zuwa a makare kullum, sau da yawa makarantar allo ta asuba ce ba ta sallame su da wuri ba, ko ɗebo ruwa. Zama da alaramma a daidaita lokacin sallama ya fi bulala a bakin ƙofa amfani nesa ba kusa ba. Yaron da ya san in ya makara za a zane shi, ya ga rana ta ɗaga, sai ya zarce bayan gari ya jira a tashi. Makara ta zama fashi ke nan, kuma makarantar ce ta mayar da ita haka. A irin wannan zaman yana da kyau jami'in wayar da kai na LGEA ya zo tare da limamin gari, kada ya zama hedimasta ne kaɗai ke gaya wa alaramma yadda zai tafiyar da almajiransa.

In kuwa raguwar a cikin 'yan mata ne na aji biyar da shida, duba banɗaki tukuna. Yarinyar da ta fara girma ba za ta yini a inda babu makewayi mai ƙofa da ruwa ba, kuma ba za ta faɗa wa malami namiji dalili ba. Malama mace ko ɗaya ce tana canza abubuwa da yawa, kuma turo ta yana cikin ikon Sakataren Ilimi.

Akwai kuma fashin da makaranta ke koya wa yara da kanta. Makon farko na komawa hutu a ƙare shi a shara da cirar ciyawa, bayan jarrabawa a yi mako biyu ba darasi ana jiran sakamako. Iyaye suna lura, sai su ce ai ba a fara karatu ba tukuna, su riƙe yaran. A fara darasi ranar farko, a yi ɗan gwajin da makinsa zai shiga sakamakon zango a makon farko, a sanar da haka tun ranar ba da hutu.

Zuwan malamai

Wannan shi ne wurin da hukumar ta fi ƙarfi, kuma shi ne shugabannin makarantu suka fi jin nauyin ambata. Yaro ba ya jure tafiyar kilomita biyu ya zo ya zauna a ajin da ba malami. In ka ɗora rajistar yara kusa da littafin sa hannun malamai, sau da yawa za ka ga ajin da malaminsa ya fi fashi shi ne yaransa suka fi fashi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma abin da aka saba gani shi ne makarantun hedikwatar ƙaramar hukuma sun cika da malamai, na ƙauye suna da biyu ko uku. Ka rubuta yawan malamanka, yawan ajujuwa, da nisan inda kowannensu yake kwana. Ka nemi ƙari da adadi, ka kuma nemi a fifita ɗan yankin, domin malamin da ke biyan kuɗin mota daga gari kullum, albashinsa ba zai kai shi ƙarshen wata ba, dole ya riƙa zaɓar ranakun zuwa. Wanda ke fashi ba uzuri, ka ba shi takardar neman bayani, ka rubuta a littafin tarihin makaranta, ka tura kwafi ofis. Ofis ba ya iya ladabtar da wanda ba a kawo rahotonsa a rubuce ba. Gaskiya ne wani yana da uban gida a siyasa, takardar za ta kwanta, amma kwafinka yana kare ka ranar da aka zo bincike.

Ka kuma nemi jami'in sa ido ya riƙa zuwa ba sanarwa, ranar kasuwa ko Juma'a ko bayan tara. Ziyarar da aka sanar tun jiya, a share fili a tara yara, ba ta nuna wa kowa komai.

Kwamiti da iyaye mata da masu unguwanni

Kwamitin makaranta, wanda ake kira SBMC, ya haɗa wakilin sarauta, malamin addini, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, malami da wakilan ɗalibai, hedimasta yana sakatare. A jihohin da shirin inganta ilimi na ESSPIN ya yi aiki, irin su Kano da Jigawa da Kaduna, an horar da jami'an LGEA su riƙa ziyartar waɗannan kwamitoci suna ɗora su a hanya, kuma bibiyar yaran da ke fashi na cikin manyan ayyukansu. In naku ya zama na suna kawai, neman a zo a sake kafa shi buƙata ce da ba ta cin kuɗi mai yawa.

Ga tsarin da nake ba da shawara a bi. Yaro ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, malamin aji ya aika ko ya leƙa gidan, da sigar dubiya ba ta tuhuma ba. Ya kai mako guda, sunansa ya je hannun mata biyu na kwamiti ko ƙungiyar iyaye mata, domin su ne ke shiga cikin gida, kuma uwa ce ta san ko rashin sabulu ne, ko yunifom ya yage, ko rainon ƙani aka bar wa yarinya. Ya kai mako biyu, mai unguwa ya kira uban. Wanda ya wuce nan ne kaɗai za a tura sunansa LGEA, ita kuma ta kai wa dagaci ko hakimi. In ka tsallake matakan nan ka kai wa hakimi sunaye ɗari, ba abin da zai iya yi da su. In goma ka kai masa, waɗanda aka riga aka bi aka gaji, zai kira su.

Ciyarwa da tallafin kuɗi

Waɗannan ba LGEA ke kawo su ba. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ya shafi aji ɗaya zuwa uku, kuma ya sha tsayawa. Inda ake yin sa, a riƙa raba abincin bayan kiran suna na biyu, in ba haka ba wasu yaran da kwano kawai suke zuwa, su ci su tafi. Shirye-shiryen Bankin Duniya irin su AGILE na tallafa wa karatun yara mata ta jiha suke bi, AGILE kuma ya fi karkata ga 'yan matan sakandare. Rawar LGEA ita ce tura sunayen makarantu da tantance su, kuma makarantar da rajistarta ke da tsabta, kwamitinta ke zama yana da asusun banki, ita ta fi saurin shiga. Haka yake ga tallafin da UBEC ke bai wa kwamitoci kai tsaye don ƙananan ayyuka kamar banɗaki da gyaran rufi, inda al'umma ke ba da nata kason, ko da kuɗi ko da aikin gayya.

Takardar da za ka kai

Kada ta wuce shafi biyu. Shafin farko: yawan yara bayan tacewa, zuwan kowane aji na mako huɗu, maza daban mata daban, ranakun da suka fi muni, da abin da makaranta da kwamiti suka riga suka yi. Shafi na biyu: buƙatu uku ko huɗu kawai, kowace da jami'in da ta shafa da ranar da kuke fata. Misali izinin sauya lokaci ranar kasuwa, malama mace ɗaya, ziyarar jami'in wayar da kai don zama da alarammomi, da sa makarantar cikin jerin masu buƙatar banɗaki. Ka tafi da shugaban kwamiti, ka bi ta hannun jami'in da ke kula da yankinku don kada ya ji an tsallake shi, a buga hatimin karɓa a kwafinka. Bayan mako uku ka koma da sababbin alkaluma, ko an amsa ko ba a amsa ba.

In dalilin fashin a yankinku tsoron 'yan bindiga ne a hanya ko a makarantar kanta, duk abin da na lissafa a sama ya koma baya. Kada a matsa wa iyaye. A kai rahoto nan take ga Sakataren Ilimi da shugaban ƙaramar hukuma, a nemi a mayar da karatun cikin gari, ko a zauren dagaci ne, ko a raba yaran zuwa makarantar da ta fi kusa da jami'an tsaro, tare da takardar canjin makaranta ga kowane yaro don kada sunansa ya ɓace a tsakanin rajista biyu.